Ranar da Kaka Ta Fito Ƙanwar Jikarta

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har wata ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. 'Yar uwa, ba a ɗaura komai ba. Kaina ne ya kulle. Yanzu haka ina zaune a bakin gado da rigar da na saka ta tarbar baƙo, ko ɗan kunne ban cire ba. Bari in ɗauko muku daga tushe, wataƙila in na jera muku ni ma in gane.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai tsintar yashi ce. Haka Gwaggona take gabatar da ni a gaban baƙi: “Ga 'yarmu, ta yi digiri har biyu, yanzu tana tsintar yashi.” Kuma ba ta yi ƙarya sosai ba. A ɗakin binciken da nake aiki akwai dogayen bututai cike da lakar da jirgin ruwa ya haƙo daga ƙasan teku. In aka wanke lakar aka tace da rariya, abin da ya rage kamar garin gishiri yake. Sai ka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ka ga ashe 'yan ƙwanson wasu halittu ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce, kowanne da ɗakunansa a jere kamar gidan haya. Aikina in tsince su ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan burushi mai gashi kamar gashin ido, in wanke, in busar, in kai wa Injiniya ya sa a na'ura ta faɗi shekarunsu.

Kada ku ce duba na'urar take yi. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani irin kabon da ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, ita kuma abin da ya rage take aunawa. To in ƙwanso ya tsufa ƙwarai, abin da ya rage ɗin ɗan mitsitsi ne. Ƙurar yau guda ɗaya, ko maiƙon yatsa, ko zaren riga, ya isa ya sa na'ura ta ɗauki tsoho a matsayin yaro. Shi ya sa muke wanke su da ruwan asid ya cinye fatar waje inda datti ke maƙalewa. Amma asid bai san ya isa ba. Ka wanke kaɗan datti ya rage, ka wanke da yawa ka leƙa kwalba ka ga wayam.

Ina son aikin nan, wallahi ina son shi. Abba ne kaɗai ya tsaya mini lokacin da kowa a gidan ke cewa in je in zauna a kantin maganin Yaya, inda akwai fanka da kujera da mutane masu rai. Kuma har yanzu a gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba.

Shi ya sa ranar da Farfesa, shugabar ɗakin bincikenmu, ta kira ni ofishinta gabana ya faɗi tun daga bakin ƙofa. Farfesa 'yar gajeruwa ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta ɗaga murya, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. Ta juyo mini da kwamfuta.

“Lakar ƙasa da ta sama, wacce ta fi tsufa?”

“Ta ƙasa, ranki ya daɗe.”

“To duba. Na ƙasa sun fito sun fi na sama yarinta. Ke kin taɓa ganin kaka ta zama ƙanwar jikarta?”

Na duba, na sake dubawa. Lambobin suna nan kamar yadda ta faɗa, sun yi mini tsaye a ido.

“A hannunki kaɗai hakan ke faruwa,” in ji ta. “Wani abu na yau yana shiga kwalabenki. Kuma saura kwalba ɗaya, ta can ƙarshen bututu, wadda dukkan aikinmu ya dogara a kanta. Babu wata. Jirgin da ya haƙo ta ba zai koma teku saboda ke ba. Ki nemo ƙofar da dattin ke shigowa kafin ki taɓa ta. In ita ma ta fito haka, sai dai in nemi wani hannun.”

“In sha Allahu zan nemo.”

“Kuma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Ba na son a ji a bene cewa sakamakonmu na rawa.”

Na fito. Na shiga banɗaki na wanke hannuna, na tsaya ina kallonsu kamar zan ga ɓarawon a tsakanin yatsu.

Daga ranar na shiga farauta, kuma kaina na fara farauta. Na daina shafa mai. Na daina hoda, na daina man leɓe. Na yanke faratuna har suka yi zafi. Mayafina mai laushin nan ruwan zuma, wanda kowa ke yabawa, na ninke na ajiye saboda yana zubar da zare, na koma wani baƙi mai santsi kamar ledar shago. Safar hannu biyu nake sakawa, takunkumi biyu. Har numfashi na koyi riƙewa in na buɗe kwalba. Turare kuwa na tattara su kaf na zuba a akwati na tura ƙarƙashin gado.

Umma ce ta fara gani. Ina shan shayi da safe ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

“Ke, wai makoki kike yi?”

“A'a, Umma.”

“To mene ne wannan? Dubi gwiwar hannunki kamar an barbaɗa toka. Yarinya da mai nema, kina yawo fururu?”

“Aiki ne, Umma. Mai yana ɓata mana awo.”

Gwaggo, wadda ta zo kwana biyu tun watan jiya, ta leƙo daga falo da carbi a hannu. “Yashin ne ba ya son ƙamshi? Ikon Allah. Mu a zamaninmu miji ake yi wa biyayya, ku kuma yashi.”

“Gwaggo, ba yashi ba ne.”

“To ki ce wa yashin ya zo ya gaida babanki, tunda na ƙasan ya kasa.”

Na ƙasa, shi ne wanda kuke ta tambayata. A benen ƙasa na wurin aikinmu yake, shi ya sa gidanmu suka laƙa masa haka. Ni kuma Mai Ƙirga nake ce masa, don aikinsa ke nan. Irin ƙwanson da nake tsinta shi ma yake tsinta, daga laka ɗaya, amma shi ba ruwansa da shekaru. Jera su yake a kan 'yan allunan kwali masu gida-gida, ya ƙirga wane iri ne ya fi yawa, daga nan ya san ko tekun na da sanyi ko ɗumi a lokacin. Dogo ne, mai ɗan rankwafawa saboda zaman madubi, rigarsa kullum a goge amma maɓalli ɗaya a karkace. Shi mutum ne da ba ya iya ganin damuwarka ya wuce. In ka ce kana jin ƙishirwa a gabansa, sai ka nemi inda za ka ajiye ruwa.

Shi ya ba ni ɗaya daga cikin turarukan da na tura ƙarƙashin gado, kuma hancinsa bai yi barci ba. Da yamma saƙonsa ya shigo, da sunan da shi kuma ya laƙa mini.

“Ta Sama, turaren ya ƙare ne?”

“Yana nan.”

“Bai yi miki ba?”

“Ya yi mini.”

“To ni ne ban yi miki ba?”

Na rubuta masa bayani mai tsawo, na tuna gargaɗin Farfesa, na goge. Gaskiya ma ba gargaɗin kaɗai ba ne. Ba na son ya san hannuna ne ke ɓata aiki. Mutumin da ke kallona kamar ni na ƙera madubin, in ce masa ana shirin korata? Sai na tura masa: “Gajiya ce kawai. Ƙwanson sun yi kaɗan, in na wanke ba abin da ke raguwa.”

Ba yau na fara yi masa wannan kukan ba. Tun farkon zuwana na taɓa zama a matakalar bene ina share hawaye, ya same ni, na ce masa na yi wuni guda ina tsinta asid ya cinye rabi. Ranar ya kalle ni ya ce, “Kada ki damu, ba za su yi kaɗan ba.” Na ɗauka irin maganar lallashi ce.

Yanzu ma abin da ya turo ke nan: “Kada ki damu. Ki yi barci.”

Ana cikin haka Injiniya ya ƙara mini wani ruɗanin. Na kai masa kwalaben gwaji, ya ɗora ɗaya a sikelinsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Malama, nawa kika ce nauyin wannan?”

Na faɗa masa.

“Ta fi haka.”

“Ba zai yiwu ba, da hannuna na auna kafin in sa a busarwa.”

“To ko dai sikelinki na ƙarya, ko nawa, ko kuma suna kiba da daddare.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Abu ya bushe ai raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Na koma na gwada sikelina, lafiyarsa ƙalau. Na zargi idona, na je aka duba, aka ce gajiya ce. Na zargi akwatin busarwa, wanda ke tsaye a lungun matakala, mu da 'yan ƙasa duk muna amfani da shi. Na ɗauko tsumma na goge shi ciki da waje har da bayan ƙofa, na riƙa rufe bakin kwalabena da takardar azurfa. Washegari in zo in same su a rufe tsaf kamar yadda na bari, har ma sun fi nawa rufin kyau, amma in na ɗaga su a haske sai in ga kamar farin garin ya ɗan ƙaru. Sai in ce wa kaina, ke, kin fara zaucewa.

Na yi kuskuren faɗa a gida. Gwaggo ta ajiye carbi ta tafa hannu.

“Ban faɗa ba? Abin teku ne fa! Haihuwa suke yi. Ke dai ki riƙa addu'a kafin ki buɗe, kada wata rana su biyo ki gida.”

Umma kuwa ba dariya a fuskarta. Ta bi ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna a kan gadona tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

“Ki saurare ni. Kin rame, idonki ya yi ja, kina magana ke kaɗai a kicin. Babanki ya zuba miki ido ne kawai, amma 'yan uwansa sun dame shi. In yaron nan da gaske yake, ya zo ranar Asabar ya gaishe shi. In ba da gaske yake ba, mu sani. In kuma aikin ne ke cin ki, kantin yayarki bai gudu ba.”

“Umma, ki bari in gama da kwalba ɗaya tak.”

“Kwalba, kwalba. Asabar na ce.”

Don haka na sauka benen ƙasa in faɗa masa baki da baki. Ban cika shiga ɗakinsu ba. Namu ɗakin fari ne fes, ba ka jin komai sai ƙugin na'urar tace iska. Nasu kuwa kamar ɗakin samari: rediyo na yi, kofin shayi a kan littattafai, ɓawon lemo a kwandon takarda. Yana sunkuye a kan madubi bai ji shigowata ba. Na tsaya ina kallon wuyansa da wannan maɓallin da ya karkace, zuciyata ta yi sanyi.

Sai na ga ya ɗaga burushi, ya kai bakinsa, ya lasa da ƙarshen harshe, ya mayar ƙarƙashin madubi ya ɗauko ƙwanso ya ɗora a allonsa. Ya sake lasa, ya sake ɗauka.

“Kai! Me kake yi haka?”

Ya zabura, sannan ya washe baki. “Ta Sama da kanta! Wannan? Ai sai burushi ya jiƙe yake kama su. Ruwan kofi yana bushewa, harshe kuwa kullum yana kusa. Haka malaminmu ya koya mana, haka shi ma aka koya masa.”

“Ba sa faɗuwa daga allon?”

“Ina! An shafe shi da gam. In ina son ciro ɗaya, in ɗan jiƙa shi ya saki.”

Na yamutsa fuska ina dariya. A raina na ce, da Farfesa za ta ga wannan a ɗakinmu da sai an yayyafa mata ruwa. Amma ban faɗa ba, don me zan faɗa? Nasa ƙirga ne, ko da miya ya tsince su lissafinsa ba zai canza ba. Ni ƙura nake farauta, ban taɓa kawo wani mutum a raina ba. Rashin sani ya fi dare duhu, masu karatu, ku dai ku bar shi.

Na ce masa Asabar. Ya miƙe tsaye har ya ture kofin shayi.

“Da gaske? Ni da na ɗauka kin gaji da ni!”

“Ka dai gyara maɓallinka.”

“Amma har yanzu fuskarki ba ta saki ba. Ƙwanson ne?”

“Ta ƙarshen zan yi ranar Juma'a. 'Yar kaɗan ce, kamar a hura ta tashi. Ka taya ni da addu'a.”

“Kada ki damu,” in ji shi.

Ranar Juma'a na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Sabon burushi, sabuwar kwalba da aka gasa a wuta, ruwan da aka tace aka sake tacewa. Na tsince su ina riƙe numfashi. Da na zo wankin asid, na ɗiga, na jira, na tsayar da shi daidai gaɓar da in na ƙara ko kaɗan ba abin da zai rage. Abin da ya saura a gindin kwalbar bai kai abin da ke maƙalewa a yatsa in ka taɓa gari ba, amma ya isa, kuma na san tsaf yake. Na rufe, na sa a akwatin busarwa, na tura wa Farfesa cewa Litinin da safe za a iya sakawa a na'ura. Ban gano ƙofar dattin ba, amma na toshe duk wadda na sani. A mota ina komawa gida har waƙa na kama kaina ina yi.

Yau Asabar gidanmu ya tashi da hayaniya tun safe. An cire ledar da ke kan kujerun falo, wadda ba a cirewa sai babban baƙo. An canza labule, an goge agogon bango, an ɓoye takalman da ke bakin ƙofa. Umma ta fito mini da doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin azurfa a wuya da hannu, ta ciro mayafina ruwan zuma daga inda na ɓoye shi. Ta zaunar da ni ta shafe ni da mai kamar jaririya. Na durƙusa na jawo akwatin ƙarƙashin gado, na ɗauko turarensa na fesa, tunda kwalbar ƙarshe ta riga ta tsira daga hannuna.

Bayan la'asar ya iso, cikin farar riga, maɓallai duka a daidai. Ina kicin ina jera kofuna da yankakken kek a faranti, Umma da Gwaggo sun manne a jikin labulen da ke tsakanin kicin da falo, wai suna gyara shi.

Na ji Abba yana masa tambayoyi cikin muryarsa ta natsuwa: iyayensa, aikinsa, inda yake zaune. Yana amsawa da ladabi. Gwaggo ta juyo ta ɗaga mini gira, alamar ba laifi. Sai Abba ya yi gyaran murya.

“Yarinyar nan tana son aikinta. Na ga kwanan nan yana wahalar da ita. In ta zama taka, za ka bar ta ta ci gaba, ko kai ma kanti za ka ce?”

“Baba, ni da hana ta? Ai ni taya ta nake yi, ba ta ma sani ba.”

Na tsaya da butar shayi a hannu.

“Kamar yaya?” in ji Abba.

Na ji ɗan murmushi a muryarsa, irin na mai jin kunyar yabon kansa. “Wato, Baba, kullum kukanta abin da take tsinta ya yi kaɗan. To ni ma ina da irinsu, daga laka ɗaya. Nakan riga kowa zuwa da safe, in buɗe kwalabenta a wurin busarwa, in ciro daga alluna nawa in ƙara mata, in rufe yadda ta bari. Tun farkon zuwanta nake yi. Kwanan nan da na ga ta fi damuwa sai na ƙara yawan abin.”

Umma ta dafe ƙirji. “Allah sarki,” ta ce a hankali, idonta ya kawo ruwa. Gwaggo ta raɗa mini, “Ke, wannan ko a kasuwa kika gan shi ki saye.”

Ni kuwa shayin yana zuba a kofi har ya cika ya malala a faranti ban sani ba. Harshen nan nake gani, da burushin, da gam ɗin. Rufin da ya fi nawa kyau. Nauyin da ke ƙaruwa. Duk man da na hana fatata, duk numfashin da na riƙe. A raina ina cewa, ya Allah, ya tsaya nan, ya Allah kada ya ce.

“Ko yau da safe,” in ji shi, “sai da na biya ta wurin aiki kafin in je aski. Akwai wata ta ƙarshe da take tsoro. Nawa na wannan lakar allo ɗaya ne tak, na daɗe ina aiki a kansa, amma na kwashe shi duka na zuba mata. Nawa aikin zai jira. Ita dai hankalinta ya kwanta.”

Duka. Ya kwashe aikinsa duka ya zuba mini. Ban san ko in faɗi ƙasa in yi kuka ba, ko in fita in rungume shi, ko in kwaɗa masa butar. Ba a iya raba nasa da nawa, duk fari ne, duk iri ɗaya. A sake wankewa da asid kuwa, nawa da suka riga suka sha wanki ba za su kai labari ba. Garin neman gira an rasa ido, kuma wanda ya tsone idon yana zaune a falonmu yana jiran a gode masa.

Wayata ta yi ƙara a kan firji. Saƙon Farfesa ne.

“Na shirya da Injiniya, Litinin da safe. Kin tabbata tana da tsabta?”

Na karanta saƙon. Zan iya cewa e. Na'ura ta faɗi abin da za ta faɗa, a ce hannuna ne, in tattara in tafi kantin Yaya, ba wanda zai taɓa sani. Amma ban iya aika ƙarya cikin na'urar nan ba, ko don darajar wunin Juma'ar da na yi. Na goge hannuna a tsumma na rubuta: “Kada a saka, ranki ya daɗe. Ba ta da tsabta.” Na tura kafin in canza ra'ayi.

“Ina take ne?” Abba ya ɗaga murya. “Ta shigo mana.”

Umma ta canza mini faranti, ta gyara mini mayafi, ta tura ni. Na shiga na durƙusa na ajiye a kan tebur. Abba yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

“Na san kin ji, labulen nan ba ya riƙe magana. Kin ji abin da bawan Allah yake miki a ɓoye. Ba za ki yi masa godiya ba?”

Na ɗago. Yana kallona, fuskarsa fal farin ciki, kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa gida. Ya ɗauki kek ya gutsura, ɗan ɓurɓushi ya faɗi a gefen faranti. Ya lasa ƙarshen yatsansa, ya danna, ya ɗauke shi tsaf.

“Na gode,” na ce.

“Kunya ce,” in ji Gwaggo daga bayan labule.

Ya tafi kafin magariba, Abba da kansa ya raka shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi wa mijin Yaya ba. Umma tana kicin tana waya da 'yan uwa, ina jin dariyarta daga nan. Ni kuma ga ni a bakin gado da shuɗiyar riga, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin, saƙo biyu na jirana.

Nasa ya ce: “Yau na ji turarena a jikinki. Na san kin huce. Litinin za ki ga abin mamaki.”

Na Farfesa ya fi gajarta: “Wa ya taɓa ta?”

In na ce shi ne, ya buɗe kwalaben wani ɗaki ba izini, ya ɓata aikin da ba a iya maimaitawa, kuma Farfesa ba ta san wani abu wai shi kyakkyawar niyya ba. In na ce ni ce, kun san sauran. Na rubuta “Ni ce”, na goge. Na rubuta “Na ƙasa”, na goge. Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya wane launi nake so a yi wa ɗakina, na ce mata ina zuwa, wayar kuma ta yi duhu a hannuna.